Ina muke kai zafin nan namu?

Rubutun yau zai ɗan yi tsawo, wanda datarsa ke kan gargara ya ajiye shi sai dare.

Akwai wata magana da na gaji da ji a bakin manyanmu, wai matasan ikkilisiya na yanzu sun yi sanyi, ba su da himma irin ta mutanen da. Ni dai ban yarda ba. Ku je gidan kallon ƙwallo ranar da Arsenal za ta kara da Man United ku ga sanyi. Ku tuna zaɓen 2023, yadda yaranmu suka tsaya a rumfunan zaɓe tun safe har dare, wasu da fitilar waya, sun ce ba inda za su sai an ƙirga ƙuri'a a gabansu. Ku dubi 'yan kwaya da ke bitar waƙa sau uku a mako, da kuɗin motarsu, ba mai biyan su ko sisi. Wanda zai iya wannan ba a ce masa mai sanyi. Zafi kam akwai shi, har ya yi yawa. Abin da ke damuna shi ne inda muke zuba shi, da abin da ke saura a ƙasa bayan ya huce.

Mu ɗauki abin da ya fi mana ciwo. Daren jajibirin Kirsimeti na 2023 aka shiga ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi, aka kashe mutane fiye da 100. Kafin nan Mangu ta sha nata a wannan shekarar. Kudancin Kaduna da Binuwai kuwa sai dai mu ce Ubangiji ya ji ƙanmu. Duk lokacin da irin wannan ta faru kun san yadda muke yi a dandalin nan. A sauya hoto zuwa baƙi, a sa kyandir, a zagi gwamna, a zagi shugaban ƙasa, wani ya ɗauko hoton gawar da ba ma ta nan ƙasar ba ce ya manna, a yi ta turawa. Kwana uku, huɗu, sai wani sabon zance ya taso, kowa ya koma can. Wutar kara ke nan. Su kuwa waɗanda aka kora suna nan a azuzuwan firamare da harabar majami'u, mako na uku, wata na biyu, yara sun rasa zangon karatu, mai ciki ta haihu a kan tabarma, tsoho mai hawan jini ya baro maganinsa a gidan da aka ƙone.

Kada wani ya ce na hana kuka ko na hana magana. A'a. Tsare rayukanmu haƙƙi ne a kan gwamnati, kuma wanda ya yi shiru an kashe nasa ban san me zan kira shi ba. A yi magana, a yi zanga-zangar lumana, a je majalisa. Tambayata ita ce, a mako na uku wa ke wurin? In kun lura, mafi yawa iyayenmu ne na Zumuntar Mata, da zanensu iri ɗaya, da tukwane, da mudun masara da kowace ta ɗebo daga nata ɗan abin da bai ishe ta ba. Yawancinsu ba su da Facebook. Mu masu digiri da manyan wayoyi mun riga mun wuce zuwa labari na gaba.

Abin da na lura da shi a Littafi Mai Tsarki shi ne, Ubangiji bai cika neman masu sanyin jiki ba, kuma in ya kama mai zafi ba ya kashe masa zafin. Shawulu na Tarsus mutum ne da in ya sa abu a gaba sai ya ga bayansa. Shi ya je da ƙafarsa ya karɓo wasiƙu don ya kamo masu bi a Dimashƙu. Bayan abin da ya same shi a hanya, halin nan bai tafi ko'ina ba. Mutumin da a da ke bin gida-gida yana jan mutane kurkuku shi ne ya koma bin gari-gari, a jefe shi da duwatsu a Listira har a ɗauka ya mutu, ya tashi ya koma cikin garin. Kuma abin da ba a cika yin wa'azi a kai ba, wannan Bulus ɗin ya kwashe shekaru yana tara gudummawa daga ikkilisiyoyin Makidoniya da Akaya don matalautan Urushalima, har da tsarin su wa za su raka kuɗin don kada a zarge shi. Bitrus ma haka. A gonar Getsamani takobi ya zaro ya sare kunnen bawan babban firist, Yesu ya sa ya mayar da shi kube. Bayan tashinsa daga matattu, aikin da ya danƙa wa mai takobin nan shi ne kiwon tumaki, aikin da ake yi kullum, da rana da damina, ba mai tafa maka.

Wannan ba tatsuniyar zamanin da ba ce kawai. A Kaduna muna da Fasto James Wuye. Shi da bakinsa ya sha faɗa cewa a ƙuruciyarsa yana cikin masu jagorantar matasan Kirista zuwa faɗa, kuma a rikicin 1992 ya rasa hannunsa na dama. Imam Muhammad Ashafa yana ɗaya ɓangaren, shi ma ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa. A 1995 suka haɗu, daga baya suka kafa cibiyar sulhu tsakanin addinai, kuma suna cikin waɗanda suka yi aikin sasanta Yelwa da Shendam bayan kashe-kashen 2004. Wanda ya taɓa jin Wuye yana magana ya san har yanzu ba mutum mai sanyi ba ne. Akwai masu ganin ya yi sassauci da yawa, wannan ra'ayinsu ne. Ni abin da nake kallo shi ne mutumin da ke da dalilin ɗaukar fansa fiye da kowane jarumin allon waya a cikinmu, ya ɗauki wannan wutar ya dafa wani abu da ita.

Ko ku dubi Dokta Rebecca Dali ta EYN. Babu ikkilisiyar da Boko Haram ta yi wa ɓarna kamar EYN. Yawancin 'yan matan Chibok 'ya'yanta ne, kuma a watan Oktoba na 2014 hedikwatarta da ke Kwarhi kusa da Mubi ta faɗa hannun 'yan bindiga, shugabanninta suka yi gudun hijira. Wannan baiwar Allah ita ma gudun ta yi. Amma ta riƙe biro da takarda tana bin masu gudun hijira tana rubuta sunayen waɗanda aka kashe, ɗaya bayan ɗaya, da garinsu. Ƙungiyarta ta CCEPI ta riƙa kula da gwauraye da marayu, Kirista da Musulmi, har da matan da suka kuɓuto daga daji da goyo, waɗanda danginsu ma ke ƙyamar su. A 2017 aka ba ta lambar yabo ta Sergio Vieira de Mello a Janiba. Rubuta suna fa aikin magatakarda ne, irin wanda ni da ku muke rainawa a ofis. A hannunta ya zama hidima.

Nan nake so in tsaya, domin ni ma'aikacin gwamnati ne, kuma yawancin masu karanta ni haka suke, ko malaman makaranta, ko ma'aikatan asibiti, ko 'yan kasuwa.

Mun taso da wani tunani cewa aikin Ubangiji shi ne abin da ake yi a cikin ginin majami'a. In kana kwaya, ko kana cikin masu karɓar baƙi, ko ba ka fashin addu'ar dare, to kai mai zafi ne. Ma'aikaciyar jinya da ta kwana tsaye a kan marasa lafiya ta kasa zuwa sujadar safe, sai a fara tambaya ko 'yar'uwa ta ja da baya ne. Kalandar ikkilisiyoyinmu ta cika maƙil: makon matasa, makon maza, makon mata, taron farkawa, ƙaddamar da kalanda, gidauniyar gini, gidauniyar motar fasto, ankon wannan, ankon wancan. Ban ce ɗaya daga ciki zunubi ne ba, kuma ni ma ina da ankon a akwati. Amma in saurayi ya zo da jininsa a tafashe yana so ya yi wa Yesu wani abu, abin da muke da shi mu ba shi shi ne kujeru ya jera da lasifika ya ɗauka. In ya gaji sai ya kai ƙarfinsa inda ake bukatarsa, wajen ɗan siyasa ko wajen caca ta waya. Sai mu ce ya yi sanyi.

Alhali rikicin farko da aka rubuta a ikkilisiyar Urushalima, a sura ta 6 ta Ayyukan Manzanni, a kan rabon abincin gwauraye ne. Wani ɓangare ya yi gunaguni ana tsallake nasu. Manzanni ba su ce a je a yi azumi a kai ba. Sun sa an zaɓi mutum bakwai, kuma sharaɗin da suka gindaya shi ne su zama masu kyakkyawar shaida, cike da Ruhu da hikima. Don rabon abinci fa. Don riƙe lissafi. Istifanas, wanda ya fara ba da ransa saboda bishara, daga wannan kwamitin ya fito.

To mu zo kan gwaurayen namu na yau. Ma'aikaci ya rasu yana bakin aiki. A ƙarƙashin dokar fansho ta 2014, iyalinsa na da haƙƙin abin da ya tara a asusunsa na fansho, kuma dokar ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya yi masa inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba. Wannan ga ma'aikatan tarayya ne da kamfanoni da jihohin da suka shiga tsarin. Matan nawa ne a Zumuntar Matanmu suka san da wannan? Kafin a ba ta ko kwabo sai ta kawo takardar shaidar mutuwa, da takardar kama aikinsa, da shaidar aure, in kuma bai bar wasiyya ba, sai ta samo takardar izinin kula da gado daga babbar kotu. Matar da ko firamare ba ta gama ba, ga makoki, ga dangin miji sun zo sun kwashe takardun tare da talabijin. Na san wata da ta yi fiye da shekara biyu tana zirga-zirga daga ƙauye, kowane zuwa kuɗin mota, kowane zuwa a ce oga ba ya nan ko fayil bai sauko ba. Abin da ya tsayar da fayil ɗin duka harafi ɗaya ne da ya bambanta a sunan mijin tsakanin takardu biyu, abin da rantsuwar kotu ta yini ɗaya ke warwarewa. Ba wanda ya zaunar da ita ya faɗa mata. A majami'ar da take sujada kuwa akwai lauya, akwai akanta, akwai mu ma'aikata rututu. An yi mata addu'a sosai, an kai mata sabulu da shinkafa ranar gwauraye. Ba wanda ya ce, Mama, kawo takardun nan in gani.

Kuma bari in faɗi wadda ba za ta yi daɗi ba. Wani lokaci wanda ya danne fayil ɗin yana jiran na goro, ɗan'uwa ne. Littafi Mai Tsarki na kan teburinsa, wayarsa in ta yi ƙara waƙar yabo ce, shi ne ma yake jagorantar addu'ar safe a ofis. Ranar Lahadi zai kawo zakka daga kuɗin da ya tatsa a hannun gwauruwa, a sa masa albarka. Mu da ke cikin aikin gwamnati mun san juna. Abokan aikinmu Musulmi ba sa zuwa majami'armu su ji wa'azi, teburinmu suke karantawa, kamar yadda mu ma muke karanta nasu. In zafinka na ruhaniya bai kai ga sa hannu a fayil ɗin talaka ran da ya iso gabanka ba, ban ga amfanin muryarka ta dishe a taron farkawa ba.

Haka abin yake ta kowane gefe. Yaron da aka ƙone gidansu ya rasa takardar haihuwa, kuma ba zai yi rajistar JAMB ba sai da lambar NIN. Wanda ya san hanyar ofishin hukumar ƙidaya zai iya ceto masa shekara guda da yini ɗaya. A gidajen yarinmu kusan kashi biyu cikin uku na mazauna jiran shari'a suke yi, wasu kuma tarar da ba ta kai kuɗin ankon biki ba ce ta riƙe su. A ƙarshen 2023 ma'aikatar harkokin cikin gida ta tara kuɗi ta biya wa fursunoni fiye da 4,000 tara aka sake su. Mu da muke da umarnin ziyartar na kurkuku a rubuce, sai mu je da ganga da tamborin mu yi waƙa mu dawo, ba wanda ya tambayi lambar ƙarar kowa. Asibitoci kullum neman jini suke, mai naƙuda na mutuwa saboda leda ɗaya, ga samari majiya ƙarfi cike da benci, namiji lafiyayye kuwa zai iya bayarwa duk bayan wata uku.

Iyayenmu da suka karɓi bishara ba su raba ta da irin wannan aiki ba. Asibitin Vom tun 1922 yake. A Garkida, inda aka fara a 1923, makaranta da magani tare suka zo da wa'azi, har da kula da kutare lokacin da kowa ke gudun su. Makarantar makafi ta Gindiri an buɗe ta a 1953. Galmi a Nijar tun 1950 take karɓar marasa lafiya, har daga wannan gefen iyaka. A Jankwano cikin Jos an fi shekara 30 ana yi wa mata masu yoyon fitsari aiki, akasarinsu ma ba Kirista ba ne. Za a ce ai Turawan mishan ne da kuɗin ƙasarsu. Da gaskiya a ciki. Amma wa ya wanke gyambon? Wa ya koyar a ajin ƙauye kan albashin da bai taka kara ya karya ba? Kuma EMS, ƙungiyar masu bishara ta ECWA da aka kafa a 1948, da kwabon manoma da na mata masu sayar da ƙosai ta tura 'yan ƙasa zuwa inda mota ba ta zuwa. Kakanninmu ba su kai mu ilimi ko kuɗi ba. Mu da muka gaji gine-ginen, sau da yawa ko fenti mun kasa yi musu.

Na san abin da wasu za su ce, don na sha ji. Na farko, mu ma fama muke. Gaskiya ne. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 albashi ya zama kamar ruwa a kwando. An ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a 2024, a daidai lokacin da buhun shinkafa ya fi wannan kuɗin. Ni ma kafin 20 ga wata lissafi nake da yatsu. Shi ya sa ban ce kowa ya kawo kuɗi ba. Duk abin da na ambata a sama, kaɗan ne ke cin kuɗi. Abin da suke ci shi ne lokaci da sani, kuma wanda ke da awa uku na musu a kan wa ya fi tsakanin Messi da Ronaldo ba zai ce mini ba shi da lokaci ba.

Na biyu, wai wannan aikin gwamnati ne, me ya sa za mu ɗauke mata? To ai mu ne gwamnatin, mu da ke zaune a ofisoshin. Kuma taimakon gwauruwa ta karɓi haƙƙinta tilasta wa gwamnati ne ta yi aikinta.

Na uku ya fi nauyi, kuma ina girmama masu faɗarsa. Suna tsoron kada ikkilisiya ta koma ƙungiyar agaji ta manta da ceton rai. Tsoro ne mai tushe, an ga inda hakan ta faru. Ba da ayyuka aka cece mu ba, alheri ne, wannan ba na jayayya a kai. Sai dai wasiƙar Yaƙub ta riga ta yi mana maganin wannan musun tun tuni, wanda ya manta ya koma sura ta 2. A ganina ma hatsarin da ke gabanmu a yau ta ɗaya gefen yake. Majami'u sun yi yawa har wani layin yana da uku, lasifika na karo da lasifika, amma maƙwabcin da ke jikin katangar bai taɓa ganin wani abu ya fito daga ciki ya same shi ba sai ƙara.

Maƙwabcin nan kuma ba sai namu ba. Wannan na san zai yi wa wasu zafi, musamman waɗanda suka binne nasu, kuma ba ni da bakin da zan koya musu yafiya daga kan kujera. Amma mu tuna a watan Yunin 2018, da aka kai hari yankin Barikin Ladi, Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar, dattijo mai fiye da shekara 80, ya ɓoye mutane fiye da 200 a masallacinsa da gidansa, yawancinsu Kirista, ya tsaya a gaban maharan ya hana su shiga. Bai tambayi kowa katin baftisma ba. In gwauruwar Malam Musulmi ta zo teburina da fayil, ita ma gwauruwa ce.

Ga abin da zan kai gaban dattawan ikkilisiyarmu, kuma wanda ya ga ya yi masa ya kai tasu. A buɗe littafi ɗaya, kamar yadda muke da na zakka, a rubuta wa ya iya me: lauya, nas, malamin lissafi, makaniki, mai ɗinki, wanda ya san harkar fansho, wanda rukunin jininsa ke da wuyar samu. Asabar ɗaya a wata a ajiye tebur biyu a harabar majami'a, ƙofa a buɗe ga duk unguwa, mai takarda ya kawo takardarsa, mai neman a auna masa jini ya zo, ɗan aji shida ya kawo lissafin da ya gagare shi. Matasa su riƙe littafin, su ne za su bi kowane fayil har inda ya maƙale, su dawo su ba da rahoto a gaban jama'a kamar yadda ma'aji ke yi. Ba anko, ba ƙaddamarwa, ba babban baƙo na musamman. Na san za a ce a kafa kwamiti ya duba, shi ya sa zan je da littafin a hannuna, na riga na saya, naira 1,500.

Masu aiki a rajistar gado ta manyan kotunan Filato, Kaduna, Bauchi, Gombe da Adamawa, don Allah ku rubuto mini takardun da ake nema a jiharku da abin da doka ta ce a biya, banda na goro. Ina so in haɗa su a takarda ɗaya da Hausa, wadda shugabar Zumuntar Mata za ta iya karanta wa mata ranar taronsu.